Gwangwanayen Baba Tsintau

Mahaifina ya yi shekara talatin da bakwai yana tafiya a kan titi guda, kansa a sunkuye. Titin saukar jirgi ne, na ɗan filin jirgin saman da ke bayan garinmu, tsawonsa bai cika kilomita biyu ba. Aikinsa shi ne ya bi shi da ƙafa kowace safiya kafin jirgi ya sauka, ya tsince duk abin da ya gani a kan kwaltar: tsakuwa, ƙusa, guntun waya, murfin kwalba, mushen tsuntsu. A takardar ɗaukar aiki an ba abin wani dogon suna da shi kansa bai taɓa iya faɗinsa daidai ba. Mutane suka hutar da bakinsu suka ce masa Tsintau. Sunan ya bi shi har gida, har jikokinsa sun ɗauka sunansa na yanka ke nan.

Ni ce 'yarsa ta uku, kuma ni ke da teburin shayi a zauren jiran fasinja, shekara goma sha ɗaya ke nan. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Wani ɓangaren a gabana aka yi, wani kuma na ji shi a bakin Baba sau fiye da yadda kunne ke buƙata.

Yana ɗan shekara ashirin ya zo filin, leburan yankan ciyawa. A lokacin an gina wurin ne saboda masana'antar da ke gabas da gari, don injiniyoyinta su riƙa zuwa su koma ba tare da sun kwana a hanya ba. Ƙananan jirage ne masu farfela, suna kawo wasiƙu da magunguna da mutanen da ba sa gaisawa da kowa. Wata rana a shekararsa ta biyu, yana cikin ciyawa da lauje, wani jirgi ya sauka, tayarsa ta fashe, ya kauce daga titin ya kutsa cikin ciyawar ya tsaya da hanci a ƙasa. Ba wanda ya mutu. Baba ne ya fara isa, shi ya fito da wata mata da hannunta ya karye, ɗanta na goye yana ta tsala ihu. Da ƙura ta lafa, tsohon shugaban leburori ya zaro abin da ya fasa tayar ya ɗora wa Baba a tafin hannu. Ƙusa ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Washegari aka karɓe laujen aka ce daga yau titin ne aikinsa.

Tsohon ya koya masa doka guda, shi kuma ya riƙe ta kamar a kansa aka saukar da ita. Abin da iska ko dabba ko mutum ya kawo daga waje, a tsince a jefar bayan shinge. Amma abin da ya fito daga jikin jirgi, ko daga jikin titin kansa, ba a jefar da shi, a ajiye, domin wata rana wani zai tambaya. Baba ya samo gwangwanin madara ya jefa ƙusar nan a ciki. Kowace shekara da gwangwaninta, yana kankare shekarar a murfin da bakin wuƙa. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Da farko a ƙarƙashin gadon Inna suke. Ta yi haƙuri har suka kai goma sha biyu, ranar da ta yi tuntuɓe da ɗaya ta fasa farce ta ce ko ita ko su. Baba ya ce to, amma sai da ya ɗauki wani ɗan lokacin da har yau Inna ba ta yafe masa ba, sannan ya kwashe su ya kai wani ɗan ɗaki a bayan garejin motar kashe gobara. Can suka ci gaba da haihuwa.

Ina ƙarama filin yana kan ganiyarsa. Jirgi uku a rana, wani lokaci huɗu. Akwai masu ɗaukar kaya, da mai goge takalmi, da direbobin haya da ke faɗa a kan fasinja. A ƙarshen mako iyaye kan kawo 'ya'yansu su jingina da shinge su kalli tashin jirgi, mu kuwa muna hura hanci don ubanmu yana ciki. Ban gane cewa shi ne mafi ƙanƙanta a wurin ba sai da na girma. Gwangwanayen shekarun nan su ne masu nauyi: noti, washa, ƙananan sukurori masu sheƙi, guntun roba daga taya, har da maɓallin rigar wani matuƙi. Baba kan girgiza ɗaya kusa da kunnensa ya ce a ji yadda shekara mai albarka take ƙara.

Tafiyar ta canza masa jiki. Wuyansa ya karkata gaba, ko a gida haka yake tafiya yana kallon ƙasa. Inna kan ce ba ta san launin idon mijinta ba, amma ta san tsakiyar kansa fiye da tafin hannunta. Ba ya iya wuce tsinke a tsakar gida. Ranar da aka kai yayata asibiti haihuwa, muna ta sauri a baranda, muka waiga ba Baba. Yana baya ya durƙusa yana ciro wata ƙusa daga tsagar siminti. Na ji haushinsa ranar, kuma ba ranar ce ta ƙarshe ba.

Filin bai mutu lokaci ɗaya ba, da ma ya fi sauƙi. Aka fara shimfiɗa babbar hanya zuwa birni, tafiyar yini ta koma ta awa huɗu. Aka faɗaɗa filin jirgin birnin. Sannan masana'antar ta rage ma'aikata, ta sake ragewa, ta rufe ƙofa. Jirgi uku a rana ya koma uku a mako, ya koma ɗaya, ya koma sai in wani babba zai zo neman ƙuri'a ko ta'aziyya. Mai goge takalmi ya tafi tashar mota. Agogon zaure ya tsaya, ba wanda ya ga dalilin sa masa batir. Sikelin auna kaya ya zama na auna mu, duk wanda zaman banza ya isa sai ya hau ya ga ko ya rame. Na ci gaba da dafa shayi, amma masu sayen su ne dai mu: Manaja, da mutum biyu na hasumiyar kula da jirage, da 'yan kwana-kwana, da masu gadi, da masu shara. Mu ashirin da uku, kowa ya san yawan sukarin da kowa ke sha.

Baba bai fasa ko rana ɗaya ba. Da sassafe zai sa rigarsa mai ruwan ɗorawa da ta koɗe, ya ɗauki gwangwani ya shiga. Direban motar kashe gobara, abokin wasansa ne tun suna samari, kan leƙo ya tambaye shi jirgin wa ake jira yau, na aljanu? Baba ya ce ai ko aljanu ne ba za su so tayarsu ta fashe ba. Haka suke kullum, tambaya ɗaya, amsa ɗaya, har na daina jin ta.

Abin da ban kula da shi ba shi ne gwangwanin ya daina isarsa. Ƙarfe ya ƙare, tunda ba jirgin da zai zubar da shi. Abin da yake dawowa da shi yanzu tsakuwa ce. Ni a wurina tsakuwa tsakuwa ce, amma shi ya taɓa nuna mini bambancin: wadda ta zo daga waje fara ce ko'ina, wadda ta ɓalle daga titin kuwa gefenta ɗaya baƙi ne, da kwalta a manne. Shekara biyar da suka wuce ya koma bokitin fenti. Bara bokiti huɗu ya cika. Ya sha kai wa Manaja, Manaja kuma, in faɗi gaskiya, ya sha rubuta takarda zuwa hedkwata. Mutum ne mai kirki da hawan jini, an turo shi nan ne ya ƙarasa shekarunsa. Takardun suna tafiya, ko gaisuwa ba ta dawowa.

Sai farkon bana takarda ta zo da kanta. Wani kamfani yana so ya dawo da jirgi sau biyu a mako, jirgi mai ɗaukar mutum hamsin. Amma sai an turo injiniya ya duba filin tukuna. In ya ci, mun farfaɗo. In bai ci ba, za a dakatar da izinin sauka, kuma kowa ya san wurin da aka dakatar ba ya cika tashi. Manaja ya tara mu a zaure ya karanta mana sau biyu.

Kwana tara aka ba mu. Ban taɓa ganin mutanen nan sun yi aiki haka ba. Aka yanke ciyawa, aka wanke tagogi, aka sa wa agogo batir. Motar kashe gobara ta tashi bayan an tura ta. Titin ne matsalar, don tsage-tsagen da ke tsakiyarsa ba na kwana tara ba ne. Direba ya kawo dabara: a cika su da yashi, a dama 'yar kwaltar da ta rage a sito da baƙin mai, a shafe saman. Daga cikin mota ba mai ganewa. Aka yi haka, aka sake ja fararen layuka a kai. Ba zan ɓoye ba, ni ma na rufe teburina na riƙe buroshi, kwana uku bayana bai miƙe ba. Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta, kuma na riga na fara lissafa fasinja hamsin a raina, kowanne da kofi a hannu.

Baba ya yi shara tare da kowa, bai ce uffan ba. Shirun ne ya dami Manaja. Ya ja ni gefe ya ce in lallaɓa tsohon ya huta a gida ranar, ya gaji, kuma baƙi ba su san halinsa ba. Na je na same shi da yamma yana wanke ƙafa, na faɗa masa da daɗin baki, na ƙara da cewa umarnin Manaja ne. Ya ce to. Na san wannan to ɗin, da shi ya amsa wa Inna zancen gwangwanaye, amma na zaɓi in yarda.

Injiniyar mace ce, ba za ta girme ni ba, da tabarau da ƙaramar jaka. Da ganinta ita ma a gajiye take, filinmu ne na uku da ta duba a makon. Manaja ya zaga da ita hasumiya da gareji, aka kunna mata jiniya, sannan ya sa ta a mota aka bi titin, zuwa da dawowa, ba a hankali sosai ba. Ta yi 'yan rubuce-rubuce. Ta zauna a teburina ta sha shayi, ta ce wurin ya fi yadda aka ba ta labari. Na ga Manaja ya saki numfashi, har ya karɓi biskit ɗin da likita ya hana shi. Direbanta ya riga ya tayar da mota.

Sai muka ji kukan baro. Tayarsa ba ta da mai, tun daga gareji ake jin ta. Baba ne, cikin rigarsa mai ruwan ɗorawa, Inna ta goge masa ita. Ya turo baron har cikin zaure, ya yi sallama, ya fara jera gwangwanaye a kan teburina, tsakanin kofuna. Na ce masa Baba, a hankali, da muryar da ake hana yaro taɓa wuta. Ko kallona bai yi ba.

Ya ce da ita, "Ranki ya daɗe, an ce mini in ajiye, wata rana wani zai tambaya. Shekara talatin da bakwai ba wanda ya tambaya. Na ga kamar ke ce."

Ta yi murmushi irin na ladabi, ta duba agogon hannunta. Ya buɗe na farko ya nuna mata ƙusar, ya ba ta labarin matar da ɗanta. Ya buɗe na shekarun albarka ya girgiza mata. Ta yi dariya, ta ɗauki hoton maɓallin matuƙin. Na fara cewa a raina ƙila iyakarta ke nan, tsoho ne ke son a yaba masa, a yaba masa mu huta. Sai ya koma ga baron ya sauko da bokitan.

Ta daina dariya. Ta sa hannu ta ɗauko tsakuwa ɗaya ta juya ta, ta ga baƙin gefen. Ta ɗauko wata. Ta tambaye shi na wane lokaci ne, ya ce wannan ɗaya ne daga cikin huɗun bara, waɗancan biyun na bana, kuma bana ba ta yi rabi ba. Ta tambaye shi daga ina, ya ce yawanci tsakanin fitilar gefen titi ta goma sha huɗu da ta goma sha tara, daidai inda taya ke fara taɓa ƙasa. Ta aiki direbanta ya kawo mata wasu takalma daga mota, ta canza a nan gabanmu, ta ce ya kai ta.

Awa biyu suka yi a rana. Muna tsaye a taga muna kallonsu, kawuna biyu a sunkuye. Ta durƙusa ta soka biro a ɗaya daga cikin tsagogin da na shafe da hannuna, biron ya shige har rabi. Manaja ya zauna a kan sikeli ya riƙe kai. Da ta dawo ba ta yi wa kowa faɗa ba, da ma ta yi. Ta gode mini da shayi, ta gaishe da Baba da hannu biyu, ta tafi da tsakuwa uku a jakarta.

Bayan mako uku takarda ta zo. An dakatar da sauka da tashi har sai an sake shimfiɗa titin. Ba a faɗi yaushe ba, ba a faɗi wa zai yi ba. Kamfanin ya kai jirginsa wani wuri. Tun daga nan kullum da labarin da za a kawo mini teburi. Wai za a mai da wurin makarantar koyon tuƙin jirgi. Wai za a yanka shi filaye a sayar. Wai wasu baƙi za su shimfiɗa faifan hasken rana. Wai an kafa kwamiti, wannan kam na yarda, kwamiti ba ya wuya. An mayar da mutum biyun hasumiya birni. Masu shara sun ragu zuwa biyu. Sauranmu muna zuwa ne don ba a ce mu daina ba.

Mutane ba su zagi Baba a gabansa ba, tsoho ne. Sun dai daina yi masa magana in ba gaisuwa ba. Direba ya daina tambayarsa jirgin wa ake jira, kuma wannan ya fi zagi ciwo, na gani a fuskarsa. Ni ma na yi wata guda ina gaishe shi a tsaye, in ajiye masa shayinsa in juya. A ganina son a sani ne ya kai shi. Ya ga mai tabarau daga hedkwata, ya ga damar da zai nuna shi ma wani ne, ya sayar da abincin gida ashirin da uku don a ce masa sannu da aiki. Na faɗa wa Inna haka. Ta ce ita ta goge masa rigar, kuma ba ta tambaye shi komai ba, in ina da tambaya in je in yi da kaina.

Na je ne wata safiya, da fushina a shirye. Na tarar da shi wajen fitila ta goma sha biyar, yana tafiya a hankali fiye da yadda na san shi. Ban taɓa bin titin da ƙafa ba sai ranar shafe tsagogi, kuma ranar ban kalli komai ba sai buroshi. Baƙin man ya riga ya bushe, yashin ya fito. Ina taka ƙasa ina jin tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina.

Na ce, "Baba, ka san abin da zai biyo baya?"

Ya ce ya sani. Ya ce tun ranar da aka karanta takardar ya sani, kwana tara yana neman hanyar da zai yi shiru bai samu ba.

"To mu fa? Jikokinka fa?"

Ya tsaya, ya dubi ciyawar gefen titi. Sannan ya ce, "Uwata, wancan jirgin mutum shida ne a ciki, kuma a hankali yake gudu. Wannan hamsin aka ce. Ke kina lissafa kofuna. Ni na taɓa ɗauko mutum daga cikin ciyawar nan, ban da ƙarfin ɗauko hamsin."

Fushin bai tafi ba, kada a ɗauka ya tafi. Har yanzu in na kalli 'ya'yana da safe ina jin sa. Sai dai ya rasa inda zai zauna, tunda na san ni ma da hannuna na shafe wurin da tayar za ta fara taɓawa, kuma ban yi tunanin kowa a cikin jirgin ba sai a matsayin mai shan shayi. Kunya ta kama ni, irin wadda ba a faɗa wa uba.

Muka ci gaba da tafiya tare har ƙarshen titin, inda ciyawa ta fara cin kwalta. Sai a nan na lura ba gwangwani a hannunsa, ba bokiti. Hannayensa biyu a baya ya harɗe su, ɗaya ya riƙe ɗaya gam. Mun wuce tsakuwa ta fi ɗari, masu baƙin gefe, bai sunkuya ko sau ɗaya ba. Na tambaye shi ina gwangwanin.

Ya ce, "Na daina. In na ci gaba da tsinta, titin zan kwashe gaba ɗaya in kai bayan gareji."

Na ce to me ya kawo shi, tunda ba jirgi, ba tsinta. Ya ce ya gwada zama a gida kwana biyu, ƙafafunsa suka hana shi, Inna ma ta ce yana tare mata hanya. Muka juyo. Rana ta fara zafi, ga ruwan shayina can na bari a kan wuta. Ya ce in yi gaba kada ya ƙone, shi zai taho a hankali. Da na kai ƙofar zaure na waiga, yana tsakiyar titin, kansa a sunkuye, hannayensa har yanzu a baya.